Kati biyu, mace ɗaya: yadda muka bi wata mai ciki da ke shan tiramol

Ni ungozoma ce, ina aiki a ɓangaren awon ciki na wani asibitin gwamnati a cikin Kano. Sai da na nemi izinin matar nan kafin in rubuta, ta ce in rubuta amma banda suna banda unguwa, toh duk abin da zai sa a gane ta na sakaya shi. Abin da ya faru kafin ta zo hannunmu daga bakinta da bakin yayarta na ji shi, sai kuma tsofaffin katunan da ta kawo mana daga baya.

Asalin lamarin, 2014 zuwa 2018

An yi mata aure a 2014 tana da shekara 18, ta haihu a 2015 lafiya ƙalau, haihuwa ta biyu kuma a 2017 sai da aka yi mata tiyata. Bayan tiyatar an sallame ta da tiramol na kwana biyar saboda ciwo, kuma ta ce a nan ta fara jin wani abu da bata taɓa ji ba, jikinta ya yi sakayau, ta yi wanki ta yi girki ta yi raino bata gaji ba, damuwar da take ciki da dangin miji ma sai ta ji kamar an ɗauke mata. Da maganin ya ƙare sai ta aika yaro kemis, ba a tambayi takarda ba. A wajen wani biki kuma wata ƙawarta ta miƙo mata robar lemo da aka juye maganin tari mai kodin a ciki, shikenan ta haɗa biyu.

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken nan nata kan kodin, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalbar ta yi tsada ta yi wuyar samu, ita kuma bata daina ba, komawa ta yi kacokan kan tiramol, kuma ba mai miligiram 50 ko 100 ɗin da asibiti ke rubutawa ba, mai 225 ɗin nan na bayan fage. Daga ɗaya a rana ta koma biyu, daga biyu ta koma uku.

Saki da gidan mari, 2019

Maigidan ya gane ne da kuɗin cefane ya daina kaiwa, sannan ɗan kunnenta na gwal ya ɓace. Ya sake ta a tsakiyar 2019 ya riƙe yaran. Da ta koma gida sai kawunnanta suka kai ta gidan wani malami da ke tsare masu shaye-shaye, aka sa mata mari, ta yi kusan wata biyu. A watan Satumba na shekarar 'yan sanda suka fasa irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, daga nan aka shiga rufe su a wurare da dama har da Kano, sai aka dawo da ita gida. Ko sati uku bata cika ba ta koma sha.

Wannan lokacin shi ne wanda ta fi jin nauyin faɗa, sai da muka yi wata biyu da saba wa juna kafin ta buɗe baki. Ba ta da sana'a ba ta da mai ba ta, akwai wanda yake ba ta ƙwayar ba da kuɗi ba. Ba wanda ya taɓa gwada jininta a duk tsawon lokacin.

Faɗuwa da asibitin ƙwaƙwalwa, 2021

A 2021 ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, kumfa na fita a baki. Aka ce aljanu ne, aka yi ruƙiyya, bayan kwana goma ta sake faɗuwa, sai yayarta ta dage aka kai ta asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Tiramol idan ya yi yawa yana kawo irin wannan jijjigar, iyakar da likita ke rubutawa a rana miligiram 400 ne, ita kuma ta haura 600. An kwantar da ita sati uku, aka raba ta da ƙwayar, aka ɗora ta kan maganin farfaɗiya mai suna kabamazefin, aka ba ta ranar dawowa. Sau biyu ta koma ta daina, wai layin da ake bi kowa na ganin kowa. Amma maganin bata daina ba saboda tsoron faɗuwa, da tsohon kwalin take zuwa kemis ta saya.

Na duba katin da aka ba ta a can. Babu inda aka rubuta ranar al'adarta ta ƙarshe, babu maganar tazarar haihuwa, babu gwajin ciwon sanyi.

Aure na biyu da ashana, 2022

A farkon 2022 ta sake aure, mijin direba ne, ya san ta taɓa rashin lafiya amma bai san ko ta mene ne ba. Ita da kanta ta ga bata shirya ɗaukar ciki ba, ta je wani ƙaramin asibiti aka sa mata ashanar fata mai shekara uku a dantse. An tambaye ta ko tana shan wani magani, a gaban mata kusan goma da ke zaune a benci, ta ce a'a. Ta ce min, Anti ta yaya zan ce ina shan maganin asibitin mahaukata maƙwabciyata na zaune a gefena?

Matsalar ita ce kabamazefin yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin da ke cikin ashanar da sauri, sai ƙarfinta ya ragu mace ta iya ɗaukar ciki da ita a hannu. Haka yake yi wa ƙwayar tazara ta sha ma. Allurar wata uku da robar mahaifa su ne ba ya taɓawa. Wanda ya rubuta maganin bai san za a sa ashana ba, wadda ta sa ashanar bata san da maganin ba.

Wajen tsakiyar shekarar ta koma tiramol, mijin na yawan tafiya, ita kaɗai a ɗaki, yaranta biyu ba a barinta ta gan su. Shi wannan maganin farfaɗiyar kuma yana rage wa tiramol ƙarfi a jiki, sai ta riƙa ƙarawa don ta ji abin da ta saba ji.

Ranar da ta zo mana, Fabrairun 2023

Kowa ya tuna yadda Fabrairun 2023 ta kasance, canjin kuɗi, ba tsabar naira a hannun mutane, layi a kowane banki. Mai sayar mata ya ce shi ba ya karɓar taransifa. Ta yi kwana biyu bata sha ba, sai amai da gudawa da zufa da ciwon mara da hamma ba ƙaƙƙautawa, ƙafafu sun ƙi zama waje ɗaya. Yayarta ta kawo ta a kan zazzaɓi ne ko taifot. Likitan da ya duba ta ya taɓa mara ya ce a yi hoto, hoto ya nuna ciki na sati 18. Ta rantse ba zai yiwu ba ta nuna hannunta. Al'adarta dama ta daɗe da rikicewa, ƙwayar na ɗauke ta, ashanar ma na ɗauke ta, shi ya sa watanni huɗu suka wuce bata zargi komai ba.

Da aka turo ta wajenmu na lura da idanunta da yadda take ta miƙa da hamma. Na ce wa yayar ta ɗan ba mu wuri, na tura ƙofa, na ce ƙanwata duk wadda ta zo awo ina tambayarta wannan, akwai abin da kike sha don ƙarfin jiki ko barci ko damuwa, na kemis ko na gargajiya? Ta yi shiru ta daɗe, sai ta ce idan na faɗa za ki kira NDLEA? Na ce wallahi a'a. Ta buɗe jaka ta fito da kwalin kabamazefin da fankon sacet ɗin tiramol.

Gwajin ranar: ƙarfin jini 26 cikin ɗari, wato ya yi ƙasa, ƙanjamau babu, ciwon hanta babu, amma gwajin tunjere, wani ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, ya nuna akwai. Aka cire ashanar. Aka fara mata allurar fenisilin mai dogon aiki, ɗaya duk sati har uku saboda ba a san tun yaushe cutar take jikinta ba, wannan cutar kuwa idan aka bar ta tana iya kashe ɗa a ciki ko a haife shi da ita. Aka ba ta maganin ƙarin jini da folik asid da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Kabamazefin yana ƙara haɗarin matsalar ƙashin baya ga jariri, sai aka sake hoto na musamman, Alhamdulillah ba a ga komai ba.

Abin da muka fara gwadawa, Fabrairu zuwa Maris 2023

Mun yi abin da muka saba, muka rubuta takarda muka tura ta asibitin ƙwaƙwalwa. Bata je ba. Da ta dawo allura ta biyu na matsa, ta je, sai ta dawo min da amsa cewa ma'aikaciyar da ta gani ta ce su ba sa kwantar da mai ciki, ta je ta haihu tukuna. Mu kuma a namu ɓangaren likitan mata ya ce shi bai saba da cire mutum daga ƙwaya ba. Takarda ta tafi takarda ta dawo, sati huɗu suka wuce, ita kuma tana ci gaba da sha a ɓoye tunda kuɗi sun fara fitowa.

Akwai kuma kuskuren da ya fito daga wajenmu. Wata abokiyar aikina ta ga fayil ɗin, ta yi mata faɗa a ɗakin awo da murya sama, wai ba ta tsoron Allah za ta kashe ɗan mutane. Allura ta uku bata zo a kan lokaci ba sai da na kira yayar a waya aka lallaɓo ta.

Da azumi ya kama a ƙarshen Maris, cikin na sati 23, sai ta yanke shawarar dainawa lokaci ɗaya ita kaɗai, ta ce ta yi alkawari tsakaninta da Allah. Kwana na uku aka kawo ta da dare mara na ɗaurewa kamar naƙuda. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da ma'aikatan lafiya: mai cikin da jikinta ya saba da kodin ko tiramol idan ta yanke farat ɗaya, wahalar da take sha ɗan cikin ma yana sha, ana iya yin ɓari ko haihuwar bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta fitar da ƙa'ida kan masu ciki da ke shaye-shaye, inda ta fi son a riƙe mace da magani irin metadon ko bufrenofin a ƙarƙashin kulawar likita maimakon a yanke mata. Mu kuma ko ɗaya daga cikin biyun ba mu da shi a kantin maganinmu.

Ɗaki ɗaya, fayil ɗaya, Afrilu zuwa Yunin 2023

Daren nan ne ya sa shugabarmu ta ɗauki waya ta kira wani likitan ƙwaƙwalwa da suka taɓa aiki tare, ta ce Dakta ba turo maka ita zan yi ba, kai za ka zo. Ya zo da safe ya zauna da likitan mata, a gabana, su biyu a kan fayil ɗaya. Abin da suka tsayar ba mai yawa ba ne. Za a kwantar da ita a ɗakin masu ciki, ba a ɗakin masu taɓin hankali ba. Za a rage mata ƙwayar a hankali da wadda asibiti ya sani, gwargwadon da likita ya ƙayyade, ana sauraren bugun zuciyar ɗan safe da yamma. Shi likitan zai riƙa zuwa duk Alhamis bayan azahar, lokacin da layin awo ya watse. Ni ce zan zama wadda take gani duk zuwan da za ta yi, lambata ce a hannunta. Komai a rubuta a fayil ɗin awo, babu kati na biyu.

Ta yi kwana 12 a kwance, matan da ke gefenta sun ɗauka ƙarancin jini ne ya kwantar da ita, kuma ba ƙarya ba ne tunda akwai shi. Bayan sallama yayarta ce ke riƙe maganin tana ba ta na rana na rana. Likitan ya bibiyi tarihin faɗuwar nan ya ga bata taɓa jijjiga ba sai lokacin da take kan ƙwaya da yawa, ba farfaɗiya ba ce ta asali, sai ya janye kabamazefin ɗin shi ma kaɗan-kaɗan bayan tiramol ya yi ƙasa. Shekara biyu tana shan maganin da da ta ci gaba da ganin likita mai yiwuwa da an daɗe da tsayar da shi.

Maganar miji ita ce ta fi wuya. Dole a yi masa maganin tunjere in ba haka ba zai sake sa mata, amma ta ce idan ya ji komai aurenta ya mutu. Ba mu faɗa masa komai a bayan idonta ba. Farko dai aka kira shi a kan cewa an ga ciwon sanyi a gwajin awo kuma ƙa'ida ce a yi wa miji da mata tare, ya zo aka yi masa. Maganar ƙwaya sai a watan Mayu ta ce ta shirya, ta faɗa masa da bakinta a ofishinmu, likita na zaune. Ya yi shiru, ya tashi ya fita, muka ce shikenan. Bayan kamar rabin awa sai ga shi ya dawo ya tambayi likita, yanzu me ake so in yi? Aka ce ya rage doguwar tafiya zuwa ta haihu, kuɗin cefane kuma ya riƙa sayo kayan da kansa.

A ƙarshen Mayu, sati 32, ta sha na ƙarshe. Ƙarfin jininta ya hau 31. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin adaidaita ya tashi, a nan na ƙara ganin amfanin zuwa ɗaya, domin ranar Alhamis ɗin nan guda ita ce awo ita ce ganin likitan ƙwaƙwalwa ita ce karɓar magani. A tsakiyar Yuni ta zame, ta sha na kwana biyu bayan tsohon mijin ya hana ta ganin yara. Ita ta kira ni ta faɗa, ban yi mata faɗa ba, na ce ta zo gobe, muka rubuta a fayil.

Haihuwa, Yulin 2023

An yi mata tiyata kamar sati ɗaya bayan Babbar Sallah, cikin na sati 38, ta samu mace mai nauyin kilo 2.5. A bangon fayil mun rubuta da jan biro cewa kar a sallame ta da tiramol, kar a yi mata allurar kashe ciwo ta fenta sai da sanin likita, tunda daga irin wannan gadon abin ya faro a 2017. An riƙe ciwon da farasitamol da diklofenak bayan allurar baya. Jaririyar ta samu rigakafin ciwon hanta a cikin awa 24 da sauran na haihuwa, likitan yara ya duba ta saboda tarihin tunjere. Mun riƙe su kwana biyar muna lura ko za ta nuna alamun rashin ƙwaya, irin kuka mai tsini da karkarwa da ƙin kama nono, bata nuna ba. Uwa da 'ya gado ɗaya, nono tun ranar farko.

Maganar tazara tun cikin na wata bakwai muka fara ta, ba ranar sallama ba. Yanzu da babu kabamazefin ashana za ta yi aiki, amma ta ce ita da ashana har abada, kuma ban ga laifinta ba. Ta zaɓi allurar wata uku, aka yi mata ta farko a sati shida, rana ɗaya da rigakafin jaririya.

Bayan arba'in, Agustan 2023 zuwa ƙarshen 2024

Wankan jego a gidan yayarta ta yi, lafiya lau. Da ta koma ɗakinta ne abubuwa suka fara sauyawa, ba barci, kuka ba dalili, miji ya koma hanya. A rigakafin sati 14, cikin Oktoba, na ga jaririyar tana ta barci ko allura bata sa ta yi kukan kirki ba. Na ja uwar gefe, ta ce kwana tara kenan da ta koma sha. Tiramol yana bi ta nono, yana iya sa jariri barci mai nauyi har numfashi ya yi ƙasa. Aka kwantar da su kwana uku, likitan yara ya lura da yarinyar, likitan ƙwaƙwalwa ya gano ciwon damuwa na bayan haihuwa ya ɗora ta kan maganin da mai shayarwa za ta iya sha, yayarta ta dawo gidan ta yi wata guda.

Daga Nuwamban 2023 zuwa Disamban 2024 bata sake faɗa min ta sha ba, yayarta da mijinta ma ba su ga alama ba. Allurar tazara sau ɗaya kawai ta makara da sati biyu. An sake gwajin jini ita da mijin, komai ya yi kyau. Ta fara sayar da kayan miya da su kuka da kuɓewa a gida.

Yadda na ga lamarin

Rahoton da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi da laifuka, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar a Janairun 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, a Kano kashi 16 cikin ɗari, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce, amma a wajen masu karɓar magani mace ɗaya ce a cikin kusan 20. Ni a ganina waɗannan matan da ba a gani a asibitin shaye-shaye suna zuwa wajenmu, awo da haihuwa da rigakafi da tazara, tambaya ce ba ma yi, ko mu yi ta a gaban benci.

Idan na bi tarihinta, sau huɗu aka samu damar tare abin: sallamar 2017, kwanciyar 2021, ranar sa ashana, da takardar da muka rubuta da hannunmu. A kowanne ma'aikacin ya yi aikin ɓangarensa daidai, rabin da ba nasa ba ne ya bari. Gidan mari da faɗa da dainawa farat ɗaya duk ba su yi ba. Abin da ya yi aiki bai ci wani kuɗi ba, likita ne ya taso ya same ta a inda ba ta jin kunyar shiga, fayil ya zama ɗaya, akwai mutum ɗaya da za ta iya kira ta ce na zame ba tare da an kore ta ba. Sau biyu ta zame kuma sau biyun a ɗakin awo da layin rigakafi aka kama abin da wuri. Ban ce ragewa a hankali ita ce hanya mafi kyau ga kowace mai ciki ba, da muna da metadon ko bufrenofin da likitocin sun duba wannan tukuna, kuma wadda ba ta da yaya irin tata ban san yadda za mu yi da ita ba.

Abin da ke damuna shi ne duk tsarin a kan mutunci ya tsaya, ba a rubuce yake ba. An yi wa likitan canjin wurin aiki a 2024, Alhamis ɗin ta mutu, yanzu ta waya muke tuntuɓarsa idan ya samu sarari. Abin da muka iya riƙewa shi ne tambayar nan, mun ƙara ta a takardar awon farko da ta ɗakin tazara, ana yinta ƙofa a rufe, kuma duk wadda za a sa wa ashana sai mun ce ta nuna mana kwalin duk maganin da ke jakarta. Ita kuma allurarta ta gaba na rubuta ranar a kalandar ofis, na ce ta taho min da yarinyar in gan ta.